Gindi Ɗaya Da Ya Rage

Bari in ba ka misalin wani saurayi, ɗan mai gonar furanni a wani ƙauye da ke gefen Jos, can inda sanyi ke riga rana tashi. Gonar 'yar ƙarama ce, kallo ɗaya ya ishe ka zagaye ta, amma tana da abin da babu a gonar kowa: wani irin furen da masu saye ke kira kirisantimum, mai kai cunkus kamar tuntun hula, ja mai ratsin ruwan zinariya, sai ka ce garwashin da aka hura. Uban ne ya raini wannan iri shekara da shekaru. Shi kuwa furen nan ba ya riƙe amanar launi ta hanyar ƙwaya. In ka shuka ƙwayarsa, abin da ya ga dama shi zai fito. Sai dai a yanki ɗan toho daga jikin uwar a dasa.

To, furannin suna tsakiyar buɗewa Allah ya yi wa uban rasuwa. Saurayin nan ya dawo daga maƙabarta, ya tsaya a bakin gona, ya ga duk karan da ke tsaye hannun babansa ne ya tsayar da shi. Nan take ya ƙudura a ransa wuƙa ba za ta taɓa su ba. Furanni suka bushe a kan kara, ya bar su. Karan suka tsufa suka zama itace, suka fara kwantawa, ya bi su da sanda da tsumma yana ɗaurewa, yana ba su ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Da damina ta kankama, laima ta kwanta a ƙarƙashin wannan cunkoso, ruɓa ta shiga. Ta bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana gindi ɗaya ne tak ya rage da rai. In ya mutu, launin nan ya bar duniya ke nan.

Ran nan gwaggonsa, ƙanwar marigayin, wadda ke sayar da furanni a bakin titi, ta biyo ta gonar, ta tarar da shi a tsugune yana kare gindin nan da buhu kada ruwa ya dake shi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai ɗan nan, gadin kabari aka bar maka ko gona?" in ji ta. "Yaya da wuƙa yake son abin nan. Kowace shekara sai ya sassabe su har ƙasa, a kan idonka."

Ya ce, "Gwaggo, shi kaɗai fa ya rage."

Ta ce, "Ai shi ya sa." Ta ciro wuƙa daga cikin daronta, ta ajiye masa a kan kunya, ta yi tafiyarta.

Hantsi ya dubi ludayi yana nan yana kallon wuƙar. Can ya ɗauka, ya yi bismillah, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa, ya sare tsofaffin karan, ya bar kututture bai fi tsawon taƙi ba. Ya kwashe ruɓar ya ƙone. Gona ta zama fili fetal, har ya riƙa jin nauyin haɗa ido da masu wucewa. Amma da iska da rana suka samu hanya, sai ga 'yan toho kore shar suna leƙowa daga gindin, masu taushi kamar kunnen jariri. Ya bari suka kai tsawon yatsa, ya yanke su a ƙarƙashin gaɓa, ya zage ganyen ƙasa, ya soka su cikin yashin rafi a inuwar rumfar zana. Da tafin hannu yake yayyafa musu ruwa, don ya riga ya ga ɓarnar da yawan ruwa ke yi. Suka yi laushi, suka sunkuyar da kai, wasu suka baƙe suka tafi. Wata safiya ya kama ɗaya da yatsu biyu ya ɗan ja, sai ya ji ya ƙi fitowa. Ya yi saiwa! Ya zauna daɓas a kan yashi yana dariya shi kaɗai, dariyar da rabonsa da ita tun kafin zaman makoki.

Ya dasa su a kan kunya. Da suka miƙe, ya bi su yana tsinke kawunansu da farce don su yi rassa. Kawunan da ya tsinke ma bai zubar ba, ya mai da su cikin yashi, su ma suka kama. Kaka ta farko kunya biyu ce ta yi fure. Da shekara ta zagayo, gonar nan daga bakin rafi har gindin dutse ta kama da ja, masu mota suna tsayawa a kan titi suna tambayar gonar wa ce. Gwaggo ta zo da daro, ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi. Shi kuma ya shiga tsakiyar kunya da wuƙarsa, yana yanka yana dami, yana ware gindin da zai zama uwar baɗi.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, kyan ɗa ya gaji ubansa.