Sunan Ƙarshe a Jerin Safe

Minti goma sha ɗaya kwamfutar asibitin ke ɗauka kafin ta fitar da jerin yaran da za a yi wa rigakafi. Iyaye mata na jira a benci, jarirai na ta tsala kuka. Shugaban asibitin ya gaji, ya ce in ba a gyara yau ba, watsi za a yi da manhajar.

Injiniyar da aka kira ba ta so haka ba. Wanda ya rubuta manhajar, Shiru-shiru kamar yadda ma'aikata ke kiransa, ya rasu wata biyu da suka wuce, kuma wannan aikin ne abin da ya bari. Ta zauna a kujerarsa, ta matsar da kofinsa gefe a hankali.

"Ƙofar nan bai taɓa rufe ta da safe ba," in ji babbar nas. "Ga hayaniya, amma ko a jikinsa."

Ta duba na'urar, lafiya lau. Ta duba rumbun bayanai, an jera ranaku yadda ya kamata, amma binciken da manhajar ke yi ba ya bin wannan tsarin. Can ta gano inda matsalar take. Sharaɗin binciken ya ce a kawo yaran yau, ko na wata rana ta shekara shida baya, wadda aka rubuta da haruffa. Saboda ranar nan guda, sai kwamfuta ta bi rajistar kaf kowace safiya, rajista kuwa kullum ƙaruwa take. Mutum mai tsantseni irinsa ba ya irin wannan kuskure.

"Sista, akwai sunan da ke fitowa kullum?"

"Akwai, na ƙarshe. Mun yi wa Shiru-shiru magana, ya ce mu dai kira, zai duba. Sau biyu nake kira, ba mai amsawa."

Ta goge layin tsohuwar ranar, jerin ya fito kafin ƙiftawar ido. Sannan ta nemi ranar ita kaɗai. Suna ɗaya ya fito, yarinya 'yar wata tara, wadda aka sa wa ranar allura ba ta zo ba. Zuciyarta ta karye, ta kifa kai a teburin tana kuka.

Shekara shida tana riƙe da mijinta Shiru-shiru a rai, wai tun da suka binne 'yarsu bai ƙara ambaton sunanta ba, ashe kowace safiya nan yake zama, ƙofa a buɗe, yana saurara ana kiran ta.