Itacen Bakin Ruwa

Inna ba ta sayen itace. Cewa take yi, duk wanda ke zaune a bakin tabki ya sayi itace, kuɗi ne suka yi masa yawa. Idan ruwa ya janye, sai mu tafi tsintar busassun rassan da ya watso gaɓa, can bayan ƙauyenmu kusa da Wara.

Ran nan bayan la'asar, ta ɗaure itacen ta ɗora a ka ke nan, sai wani wari ya buge ni, kamar na jiƙaƙƙen kashin shanu. Ciyawar gabanmu ta motsa. Dorina ce da ɗanta, ta zuba mana ido.

"Kama zanena," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Kada ki ruga, kada ki yi kuka."

Muka riƙa ja da baya a hankali, fitsari yana bin ƙafata. Na raɗa mata ta yar da itacen. Ta ce, "Da me za mu yi tuwo?" Na ɗauka ba ta tsoron komai a duniya.

Sai da muka isa gida na gane. Matar da tsinken ashana ɗaya ke isarta yini guda, ta zauna gaban murhu tana ƙyastawa suna karyewa, har kwalin ya ƙare.

Yau da gas nake girki. Amma duk ranar da ashana ta karye a hannuna, sai gabana ya faɗi.