Baba Ya Jira Ka Jiya

An daɗe da tashi daga sujada, amma Theresa na zaune a bencin ƙarshe tana kallon ƙofa. Saurayinta Sammy shi ne mai karɓar baƙi a cocinsu na Nasarawo. Sai da ya raka sababbin zuwa har bakin titi, ya tsayar musu da keke, sannan ya dawo yana share gumi.

"Yi haƙuri, Theresa. Wani bawan Allah ne daga Kaltungo, bai san kowa a garin nan ba."

"Baba ya jira ka jiya," ta ce a hankali. "Ya tara ƙannensa don maganar aurenmu."

Sammy ya dafe kai. "Wayyo! Mun fita bishara Gabukka, sai na..."

"Na sani. Aikin Ubangiji ne, ban isa in yi kishi da shi ba." Ta miƙe, idanunta a bushe don tsabar gajiya. "Ran Lahadi idan Fasto ya ce baƙi su tashi tsaye, zan tashi. Wataƙila ka tambayi gidanmu, ka zo."

Ta wuce shi ta fita.