Awa Ɗaya a Tsibirin Dala

Tun da ruwa ya cinye Kano, jirgin ruwan masu yawon hutu yakan tsaya awa ɗaya a tsibirin Dala, fasinjoji su taka ƙasa. Hajiya Tabawa ta je yankar tikiti, goye da jikarta.

"Shekarunta nawa, Hajiya?" in ji mai sayarwar.

"Biyu."

"Za ta hau jirgi, amma ba za ta sauka ba. Ƙananan yara suna cin ƙasa, ƙasar kuwa a aune take."

Tabawa ta shafa ƙullin bakin zaninta. Cibiyar yarinyar ce a ciki, shekara biyu ana neman inda za a binne ta.

"Haƙa fa, 'yar nan?"

"An hana. Ɗaki mai taga kike so?"

"Mai taga," ta ce. "Ko daga nesa ta gani."