Igiya Ta Karkace a Bakin Kogi

Igiyar ta karkace, kuma kowa ya gani. A aikin binciken kayan tarihi, a miƙe ake jan igiya, a kafa turaku, a haƙa ramin gwaji duk inda layi ya faɗa. Amma Uwar Tukwane, shugabar aikin, da ta iso lungun da ke bakin kogi sai ta kauce da layin.

"Inna, ido ya fara tsufa ke nan?" in ji babban lebura yana dariya.

"Naka ne ya tsufa. Ku haƙa can."

Filin tsohuwar unguwa ce da aka rushe tun da daɗewa. Wani kamfani ya saya zai gina benaye, bakin kogin kuma a malale shi da siminti don ajiye motoci. Sai dai ƙa'ida ta ce a bincika tukuna: in an tono abin mutanen da, a dakatar da gini. Ita kuwa so take a dakatar, ko ta halin ƙaƙa.

Kai, matar nan ta wahalar da bayin Allah! Rami bayan rami, tankaɗe bayan tankaɗe, ba abin da ke fitowa sai murfin kwalba da tsinkakken takalmin roba. Ko ƙashin akuya aka samu sai an wanke shi, an rubuta masa lamba, an sa a kwali an kai ɗakin ajiya. Ita ta koya musu hakan.

Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa, ita lungun nan take zuwa ta zauna, abincinta a rufe.

Wa'adin binciken ya cika, ba a samu komai ba. Injiniyan kamfanin ya zo da fara'arsa.

"Ranki ya daɗe, saura wancan lungun. A tona a huta mana. Ko mene ne a ciki, ai kwali ɗaya ya ishe shi."

"Babu komai a wurin," ta ce. Duk tsawon aikinta ba ta taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba sai ranar.

Da motar siminti ta shigo, ta tare direban, hawaye na bin kumatunta.

"Ɗan'uwa, don Allah in ka isa lungun can ka zuba a hankali. Nan ɗakina yake kafin a tashe mu, a bayansa muka binne jaririna."