Masassaƙi da Ƙwallayen Dabino

Masu ƙera wasannin waya na bulokcen, wato fasahar nan ta kuɗin intanet, waɗanda ke cewa sai mutum ya buɗe asusu ya sayi kayan wasa kafin a bar shi ya taɓa, ga misalinku.

An yi wani masassaƙi mai son dara kamar ransa. Abokan wasansa sun ƙare, wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu birni ya haɗiye su. Kewa ta dame shi, sai ya ce bari ya yi abin da zai dawo da mutane gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Ya samo icen ƙirya ya sassaƙa allon dara, gurabensa sumul kamar cikin ƙoƙo. Ya fere 'ya'yan dara, kowane da zanensa da babu irinsa, yadda duk wanda ya saya ya zama nasa, in ya so ya sayar, in ya so ya bar wa ɗansa gado. Dabara dai ta yi kyau. Sai dai ya kafa doka: babu mai zama gaban allon nan sai ya sayi 'ya'yansa tukuna. Mutane su zo su tsaya, su ce kai, Baba, hannunka akwai albarka, su wuce. Wa zai kwance lalitarsa don abin da bai san daɗinsa ba? Kullum bayan la'asar ya share wuri, ya shimfiɗa tabarma, ya kasa 'ya'yansa a gefe guda, ɗaya gefen kuwa wayam. Wani lokaci har ya zagaya ya yi wa kansa wasan abokin hamayya, ya ci kansa, babu ko mai yi masa dariya.

Ran nan motar wani matafiyi ta lalace a bakin hanya. Ya zo shan inuwa yana cin dabino, ya dubi allo, ya dubi tsoho, ya ce, "Baba, wannan na ado ne ko na wasa?" Bai jira amsa ba ya zauna, ya fara jefa ƙwallayen dabinonsa cikin gurabe. Masassaƙi ya buɗe baki zai karanta masa doka, ashe hannunsa ya riga bakinsa, har ya ajiye ɗa a gurbi. Wasa ya kankama. Ka san dara ba ta rasa 'yan kallo: mai shayi ya bar tukunyarsa, tela ya bar kekensa, wannan na cewa a toshe nan, wancan na cewa tsoho ya tsufa da wayonsa. Da aka gyara mota baƙo ya karkaɗe rigarsa ya tafi, ko sunansa ba a tambaya ba. Masassaƙi ya bi motar da kallo har ta ɓace, don ya daɗe bai sami wanda ya matsa masa haka ba. Da ya juyo, sai ya tarar tela ya riga ya gaje wurin, yana tattara ƙwallayen.

Daga ranar tabarma ba ta sake zama wayam ba. Yawancinsu har yau da ƙwallo da tsakuwa suke yi, ba su sayi komai ba, shi kuwa ya ƙyale su. Amma tela, da ya gaji da shan kaye, wata rana ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, ƙwallayen nan ne ke ja mini, ba rashin iyawa ba. Fere mini nawa, masu zane."

Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.