Takalma a Bakin Labule

Ta cire takalmanta a bakin labulen ɗakin da aka keɓe wa masu iyali, ta zaro na maigida daga jaka ta jera a gefe. A gidan abincin nan na bakin teku a garin Mukalla, ido yawa yake yi wa mace ita kaɗai.

"Hajiya, yau ma maigidan naki, mutumin tudu, ba zai taɓa kifinmu ba?" in ji tsohon mai kawo abinci.

"Ka san shi da naman rago, Baba. Kawo masa."

Ta ci kifinta, naman yana hucewa.

Da ta fito, ta tarar tsohon ya goge takalman maigidan tas. Sai ta tuna: da shi aka ɗauki makarar mai su bara.